Shekarar da Na Dawo Garwa da Monika a Bayana

Da sunan Allah na buɗe wannan babin kamar yadda na buɗe na baya, amma shi kam na daɗe ina ɗaga shi. Na ba ku labarin kakanninku da suka taso daga ƙasar Katsina da fatauci har suka yada zango a bakin Binuwai a ƙasar Kamaru, na ba ku labarin gidanmu na Garwa da shagon atamfar Baba a babbar kasuwa. Da na zo kan shekarata ta ƙarshe a jami’a sai na tsallake, na ce ai kun sani. Ashe ba ku sani ba. Kwanakin baya Aisha ta dawo daga wani biki fuska a murtuke, sai da na matsa mata sannan ta ce wata tsohuwa ce ta tare ta a gaban mutane, ta tambaye ta ko ita ce ƙanwar wadda uwarsu ta haifo a makaranta. Ban yi mamakin tsohuwar ba, na san irinsu. Abin da ya dame ni shi ne ’yata ta rasa abin da za ta mayar mata. Waɗanda suka ga abin da idonsu sun kusa ƙarewa. Baba ya tafi, Inna ta tafi, babanku ma ya bi su. Yayarku Monika kuwa tana can Maruwa da mijinta da ’ya’yanta, ita ma abin da aka gaya mata kawai ta sani, don a lokacin ko tsayuwa ba ta fara ba. Saboda haka ku ji daga bakina.

A zamanin da Baba ya yarda na tafi jami’a a Ngaundere, ’yan matan unguwarmu da suka wuce bakaloriya, jarrabawar gama sakandare, ba su da yawa. An yi masa surutu, ya toshe kunne. Ni ’yar Garwa ce, na saba da zafin da ke sa mutum ya kwana a tsakar gida, sai ga ni a garin da ake neman bargo da damina, ƙasa ja, ga piya da mangwaro ko’ina. Labarin ƙasa nake karantawa, burina na koyar a lise, wato sakandare, in Allah ya so na wuce gaba. Kewar gida ce ta haɗa mu, mu ’yan arewa, muka riƙa taruwa duk ranar Asabar bayan la’asar a ƙarƙashin wani mangwaro da ke bayan ɗakunan ɗalibai. Zaman Asabar muke ce masa. Ba shugaba, ba kati, sai tabarma biyu da butar shayi. Abakar, wani dogo ɗan Kuseri mai son dariya, shi ne mai shayi, kuma shi ya kawo dokar da ta hana mu cinye juna: akwai wani ludayin katako, wanda ke riƙe da shi ne kaɗai zai yi magana. Kowane mako mutum ɗaya zai zo da tambaya, a yi ta juya ta har a kira magariba, Musulminmu su tashi salla, Kiristocinmu su tsare mana shayi.

Mutane suna zuwa suna tafiya, amma akwai waɗanda ba sa fashi. Ban da Abakar akwai Buba, Bafulatani mai karatun shari’a, wanda ba ya ɗaga murya ko an taka shi. Akwai Jan, Kirista ɗan manoman auduga daga Bibemi. Akwai Marta, aminiyata. Sai kuma wani siririn saurayi ɗan dukawan Maruwa mai karatun lissafi, wanda ba ya barin magana ta wuce sai ya bi ta har gindinta. Ku gafarce ni na ambaci sunansa, a takarda ne: Nasiru, babanku. A lokacin ba abin da ke tsakanina da shi sai musu. Na ma fi jin haushinsa a kan kowa.

Da Faransanci muke farawa kamar ’yan boko na gaske, amma da zarar magana ta yi zafi sai kowa ya zame zuwa harshen da ya sha a nono. Buba ya koma Fillanci, Abakar ya jefo Larabcin bakin kogin Logon, ni da babanku mu kama Hausa. Mun tattauna abubuwan da a gidajenmu ba a buɗe baki a kansu. Yaron da ya tashi bai iya harshen iyayensa ba sai Faransanci, har yanzu na mutanensa ne? Tsohuwar da ke kan gadon mutuwa, a gaya mata ɗanta ya riga ta, ko a ɓoye? In ka ga abokinka yana satar amsa a jarrabawa, ka tona ko ka kawar da kai? Wata rana Buba ya kawo maganar jikokin bayi, dalilin da ya sa har yau ake ƙin ba su aure alhali tare ake sahu a masallaci. Marta ta karɓi ludayi ta ce su ma a garinsu na kan dutse haka ake yi wa maƙera, ba a cin abinci a ƙwarya ɗaya da su, kuma coci bai kawar da abin ba. Ranar mun tashi kowa jikinsa a sanyaye, don ba wanda ya samu damar nuna wani da yatsa.

Na fi tuna ranar da Abakar ya tambaya, ɗan da ya yi boko ya ji mahaifinsa yana faɗin abin da ba daidai ba a cikin taro, ya gyara masa ko ya yi shiru? Buba ya ce shiru, kunya ta fi. Jan ya ce gaskiya ba ta da babba. Babanku ya raba tambayar gida-gida har muka manta inda aka faro. Marta na gefe tana ɓare gyaɗa, can ta miƙa hannu aka ba ta ludayi.

“Ku duka ba ku da wayo,” in ji ta. “Ka bari a koma gida. Ka kawo masa tuwo. In ya ƙoshi, ka gaya masa.”

Abakar ya yi dariya har ya kifar da shayi.

Marta ’yar kan dutse ce daga bayan Mokolo. A kasuwa ta koyi Hausa tana taya uwarta sayar da wake, shi ya sa Hausarta ba ta raba mace da namiji, kowa “ka” ne a wurinta. Na yi ta gyara mata har na gaji, daga baya ni ma na riƙa jin daɗin abin. Ɗakinmu ɗaya tun shekarar farko. In na tayar da salla takan rage rediyo, in azumi ya zo ita ke tashina sahur, ranar Lahadi kuma ni ke ɗaura mata ɗankwali don ba ta iya ba. A shekara ta biyu ta auri Piyer, direban babbar mota, maraya da ya tashi a hannun ’yan mishan. Mutum ne mai fara’a, in ya biyo ta Ngaundere yakan kawo mana busasshen kifi daga Kuseri. Tana da ciki motarsa ta faɗi a hanyar arewa, bai tashi ba. Kowa ya ɗauka za ta bar karatu ta koma dutse. Ta ƙi. Ta dawo ɗakinmu, ta haifi ’yarta, ta sa mata Monika, ta riƙa zuwa aji da ita a goye. A Zaman Asabar yarinyar ta zama ta kowa, daga wannan cinya zuwa waccan. Babanku ma, mai tsare gida, na sha ganinsa yana kawo hujja da hannu ɗaya, ɗayan hannun yana jijjiga ta.

Da damina ta yi nisa a shekararmu ta ƙarshe zazzaɓi ya kama Marta. Muka ɗauka na sauro ne, ta sha magani, ya lafa, ya dawo da ƙarfi. Da muka kai ta asibiti idanunta sun riga sun yi ɗorawa. Likitoci sun yi iya ƙoƙarinsu. Ni ke jinyarta, Monika a bayana, don nono ya riga ya ɗauke, da madarar gwangwani da kunu muke lallaɓa ta. Wata rana da hantsi, ana yayyafi, Marta ta farka idonta tar kamar ta warke. Ta ce na kwanto yarinyar na ɗora mata a ƙirji. Ta daɗe tana shafa kanta, sannan ta dube ni.

“Hadiza, ka ɗauki yarinyan nan.”

Na ce ta daina irin wannan magana, za ta tashi.

“Ka ji ni. Uwata ta tsufa, ba ta gani. Wana yana da yara da yawa, dawa ba ta isa. Ka ɗauke shi. Amma abu biyu. Kada ka canza masa suna. Kada ka hana shi coci.”

Ban yi tunani ba, ban auna komai ba. Na ce mata to.

“Ka faɗa da kyau.”

Na ce, “Na ɗauka, Marta. Ba zan canza mata suna ba, ba zan hana ta coci ba.”

Washegari ta cika. Wanta ya zo daga dutse da takalmin roba da ’yar jaka, aka binne ta a Ngaundere don ba halin ɗaukar gawa. Mu Musulmin zaman muka tsaya daga gefe har aka gama. Da na gaya masa abin da ta ce, ya sunkuyar da kai, ya ce ta taɓa faɗa masa haka tun rasuwar mijinta. Ya ɗauki yarinyar ya yi mata wata magana da yarensu, ya miƙo mini ita da hannu biyu.

Asabar ɗin da ta biyo baya ba wanda ya yi niyyar zama, amma ƙafa ta kai mu gindin mangwaron nan ɗaya bayan ɗaya. Abakar ya dafa shayi ba wanda ya sha. Can ya ce yau ba a kawo tambaya ba, amma ga ta nan a bayan Hadiza tana barci, kuma gara a faɗa mini gaskiya a nan da na je na ji ta a waje. Buba ya fara. Ya ce riƙon ɗa ba maganar baki ba ce, sai dangi sun zauna, sai an je gaban hukuma, kuma shi zai taimaka da wannan, amma na tuna ni budurwa ce da aka kai kayan sa ranata. Gaskiya ne, tun hutun da ya wuce aka yi mini baiko da wani Kabiru, ɗan abokin kasuwancin Baba. Jan ya karɓi ludayi, idonsa ja.

“Hadiza, ba raina ki na yi ba. Amma yarinyar da ta tashi a gidanku, tana jin kiran salla, tana ganin kowa da hijabi, Musulma za ta zama ko kin so ko ba ki so ba. Akwai gidan marayu na sistocin coci. Ki kai ta can, kin cika alkawari, kin huta.”

Sai babanku ya miƙa hannu. Na zaci zai goyi bayana, ko don addininmu ɗaya. Ya yi magana a hankali, bai dube ni ba.

“Ni ma ina ganin kada ki ɗauke ta, amma dalilina daban. In kin raine ta za ki so ta kamar ’yar cikinki. To yaya za ki so mutum haka, ki kuma hana shi abin da kika yi imani shi ne tsira? In kin koya mata addininki kin ci amanar matacciya. In ba ki koya mata ba, zuciyarki ba za ta bar ki ki yi barci ba. Ta kowace hanya kin shiga tsaka mai wuya. Alkawarin da kika yi, ba ki san nauyinsa ba kika yi shi.”

Aka miƙo mini ludayin.  Duk abin da suka faɗa gaskiya ne, ba ni da amsar ko ɗaya. Da ƙyar na ce, “Ni ba ni da hujja. Ta ce na faɗa da kyau, na kuwa faɗa.” Na ajiye ludayin a kan tabarma na tashi. Wannan ne Zaman Asabar na ƙarshe da na halarta, ban kuwa san haka ba a lokacin.

Na shiga motar Garwa da niyyar kwana kaɗan, na nuna yarinyar a gida, na roƙi Inna ta riƙe mini ita har na gama jarrabawar lisansi, wato digirin farko. Muna gangarowa daga tudun Ngaundere zafi ya fara dukan fuska, Monika ta yi ta kuka, wata mata a motar ta ce, “Ba ta nono mana, uwar ’ya.” A nan na fara hango abin da ke jirana. Na sauka a tasha, na hau moto, wato babur ɗin haya, na shiga unguwarmu da rana tsaka da jaririya a baya. Kafin na kai ƙofar gida labari ya riga ni.

Inna tana tankaɗe a tsakar gida. Ta ɗago ta gan ni, ta ga ƙafafun yarinya a kwiɓina, rariyar ta faɗi daga hannunta. Gwaggo Hajara, yayar Baba da ke zaune tare da mu tun rasuwar mijinta, ta fito daga ɗaki tana salati. Na durƙusa na ba su labari tun daga farko. Inna ta san Marta, ta taɓa zuwa hutu gidanmu har ta koya mata miyar yakuwa irin ta dutse, don haka ta yi kuka sosai. Gwaggo ta karɓi yarinyar ta juya ta, ta duba kunnenta da yatsunta, ta ce kowa ya gani ya san ba jininmu ba ce, amma bakin mutane ba ya duba kunne.

“Marainiya ce, lada ne,” in ji Gwaggo. “Gobe a kira liman a raɗa mata suna. Maimuna ya dace da ita.”

Na ce tana da suna, kuma akwai sauran magana. Sai na faɗa musu sharaɗi na biyu.

“Coci?” in ji Inna. “Daga gidan nan? Hadiza, karatun ne ya taɓa miki kai?”

Baba ya dawo daga kasuwa bayan la’asar, aka shimfiɗa masa buzu a ƙarƙashin darbejiya. Sunan mahaifiyarsa aka sa mini, don haka bai taɓa kirana da sunana ba. Ya saurari Inna, ya saurari Gwaggo, sannan ya ce na matso.

“Uwata, da bakinki kika yi mata alkawarin?”

Na ce, “E, Baba.”

“Tana cikin hankalinta? Ke ma kina cikin naki?”

Na ce e.

“Wani ya tilasta miki?”

Na ce a’a. Ya ci gaba da jan carbinsa. Can ya ce mutanen dutse da yawa in sun sauko kasuwa sukan bar kayansu a shagonsa, wani buhun gyaɗa, wani ƙullin da bai san abin da ke ciki ba, kuma bai taɓa kwance kayan wani ya canza abin da ke ciki ba don kawai ya kwana a wurinsa. Ya ce da an shawarce shi kafin a yi alkawarin, da ya hana. Tunda an yi, an yi. Yarinya za ta zauna da sunanta. Gwaggo ta tashi ta shige ɗaki, ta kwana biyu ba ta yi masa magana ba.

Amma Inna ta kafa nata sharaɗin, kuma har yau ban ga laifinta ba. Ta ce za ta riƙe yarinyar da hannu biyu na koma na gama karatuna, sai dai ita ba ta iya renon ɗa ta hanya biyu ba. In a hannunta za ta tashi, to yadda ta rene mu haka za ta rene ta, da bisimilla za ta ba ta abinci, da kalmar shahada za ta fara koya mata magana, kuma ba ta yi wa kowa alkawari ba. Na ce to zan koma da ita Ngaundere, kamar yadda uwarta ta yi. Nan kuma Baba ya ce a’a. Marta matar aure ce da kowa ya san mijinta. Ni budurwa da goyo ni kaɗai a garin wasu, ko shi ba zai iya tare bakin duniya ba. Ya ce na zaɓa, ba zai matsa mini ba: na bar ta wa Inna na tafi, ko na zauna na riƙi abin da na ɗauko.

’Ya’yana, kada ku ɗauka zaɓin ya zo mini da sauƙi. Watanni kaɗan suka rage na karɓi lisansi. Littattafaina suna can a ɗaki, taswirorin da na zana da hannuna suna manne a bango. Na yi ta gaya wa kaina jaririya ce, me ta sani, na je na dawo na karɓe ta. Amma na san Inna, na san Gwaggo, na san in suka shaƙu da ita aka raɗa mata suna, ba mai sake ɓamɓare ta, kuma bayan lisansi aure ne, gidan wasu. Ranar da ya kamata na koma, na shirya jakata har na kai zaure. Monika tana zaune a tabarma tana wasa da murfin kwano, ta ɗago ta miƙo mini hannu. Na mayar da jakar ɗaki. Abakar ne ya haɗo mini kayana ya aiko a mota.

Ba a jima ba iyayen Kabiru suka aiko wata dattijuwa ta zo da dogon bayani, ƙarshensa dai a mayar musu da kayansu. Sun ce ba wai sun yarda da abin da ake faɗa ba, amma ba za su iya da surutu ba. Baba ya sa aka fito da akwatunan ko buɗe su ba a yi ba, kuma daga ranar abotarsa da mahaifin yaron ta yi sanyi har suka rabu da duniya. A gidan biki mata sukan yi shiru in na shigo. Wata ta taɓa ce mini a gaban Inna, “Kai, yarinyar nan ta ɗauko goshinki.” Na koma gida na yi kuka kamar raina zai fita. Ƙawayena suka yi aure ɗaya bayan ɗaya, waɗanda muka shiga jami’a tare suka zama malaman lise, ni kuwa na samu koyarwa a wata ƙaramar firamare ta unguwa, a nan na ƙare aikina. Ban taɓa komawa na ƙarasa ba. Har yanzu in na ga taswira a bangon wani ofis sai na tsaya.

Buba ya cika maganarsa, ya bi mana takardun riƙo har suka fito, wan Marta ya sauko ya sa hannu. Gwaggo ba ta taɓa kiran yarinyar Monika ba, Maimuna take ce mata har ta rasu, ita kuwa tana amsawa, kuma duk gidan ba wanda ya kai Gwaggo ɓoye mata ƙosai. Da ta fara wayo, wata maƙwabciyarmu mai sayar da kifi, Madam Terez, ita ke biyowa ranar Lahadi ta tafi da ita coci tare da ’ya’yanta. Ni ke yi mata wanka, na sa mata riga, na raka ta bakin zaure. Maganar da babanku ya faɗa a gindin mangwaro kuwa ta tabbata: na so ta kamar ’yar cikina, kuma akwai Lahadin da nakan koma ɗaki zuciyata a cunkushe. Ban taɓa ɓoye mata sallata ba, ban taɓa daina yi mata addu’a ba, amma ban taɓa ja mata hannu zuwa abin da uwarta ba ta ce ba.

Shi babanku, bayan ya gama aka turo shi Garwa koyar da lissafi. Ya zo gidanmu wai ya kawo gaisuwar ’yan zama, ya ce bayan tafiyata abin bai daɗe ba ya watse. Aka shimfiɗa masa tabarma a zaure. Ko ruwa bai gama sha ba ya ɗauko musun daga inda muka bar shi, ni ma na ba shi amsar da na rasa a wancan lokacin. Ya dawo mako na gaba da sabuwar hujja. Ya sake dawowa. Wata rana Baba ya same mu muna ta kai-komo, ya tsaya ya saurara, sannan ya ce, “Malam, in musun nan ba zai ƙare ba, ka turo manyanka ku je ku ƙarasa shi a gidanka.” Da manyansa suka zo daga Maruwa, abu ɗaya Baba ya gaya musu: yarinya tana tafe da ’ya, ’yar kuma tana tafe da sharaɗi. Babanku ya ce ya fi kowa sanin sharaɗin, a gabansa aka kawo shi.

Muka tare a wani ɗan gida kusa da kogi, nesa da Madam Terez, amma duk da haka takan aiko babbar ’yarta ta ɗauki Monika. Babanku bai taɓa hanawa ba, bai kuma taɓa sa hannu ba. In Lahadi ta yi sai ya ɗauki littafi ya koma bayan gida har su fita. Ana nan ina da tsohon cikinka, Aliyu, ƙafafuna sun kumbura ko tsakar gida ba na iya ƙetarewa, sai wata Lahadi ba wanda ya zo. Ashe rasuwa aka yi wa su Madam Terez sun tafi Bibemi. Monika ta yi wanka da kanta, ta sa farar rigarta, ta sa takalmi a juye, ta zauna a bakin ƙofa tana leƙen hanya. Rana ta ɗaga. Ba ta yi kuka ba, sai dai duk moto da ya wuce sai ta miƙe, ta sake zama. Ina kwance ina kallonta ta taga, na yunƙura zan tashi na nemi mayafi, ko da rarrafe ne na kai ta.

Sai na ji babanku ya rufe littafinsa. Ya shigo ya ɗauki hularsa da makullin babur, ya tsaya a bakin ƙofar ɗaki.

“Kwanta,” ya ce. “Amma ki sani, har yau ban yarda da hujjarki ba.”

Na ce na sani.

Ya fita ya durƙusa a gabanta, ya cire mata takalman ya mayar da kowanne ƙafarsa, ya ɗaga ta ya ɗora a gaban babur.

“Riƙe da kyau, Moni. Ta wace hanya kuke bi?”

Ta nuna masa da yatsa, suka tafi. Daga baya ta gaya mini a gindin wata bishiya ya zauna a tsallaken titi daura da cocin, da hularsa da carbinsa, mutane suna wucewa suna kallonsa, har aka tashi. Daga ranar ’yar Madam Terez ba ta sake zuwa ɗaukarta ba, shi ya ce a gaya musu sun huta.